Ghriba ba ofishin jakadancin Isra'ila ba ce

A tsibirin Jerba na ƙasar Tunisiya, cikin ƙauyen Erriyad, akwai majami'ar Yahudawa da ake kira Ghriba. Masu ita na cewa asalinta ya haura shekara 2,000, ginin da ke tsaye yau dai na ƙarni na 19 ne. Na shige ta lokacin da wani kwas na malamai ya kai mu ƙasar. A bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, a rufe kai. Amma kafin ka kai ƙofar sai ka ratsa jami'an tsaro riƙe da bindigogi.

Da dalili. A Afrilun 2002 Alƙa'ida ta tayar da motar gas a gabanta, mutum kusan 20 suka mutu. A Mayun 2023 wani jami'in tsaro ya buɗe wuta lokacin ziyarar shekara-shekara, ya kashe biyar, uku abokan aikinsa ne. Da yaƙin Gaza ya ɓarke kuma, matasa suka ƙone wata tsohuwar majami'a a garin El Hamma, inda Yahudawa suka daɗe da tashi.

Na san wani zai ce, "Malam, ana kashe yara a Gaza kana zancen bango?" Wallahi zafin Gaza ina jin sa. Sai dai Yahudawan Jerba 'yan Tunisiya ne, Larabci suke yi, kuma suna nan ɗaruruwan shekaru kafin a kafa Isra'ila. Laifin wa aka rama a kansu?

Gardamar ma ba baƙuwarmu ba ce. Shehu Maghili, wanda ya zo Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha, shi ya sa aka rushe majami'ar Tamantit a yankin Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, wajejen 1492. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba, malaman Magrib suka rabu biyu kan fatawar. A aji muna koya wa yara sunan Maghili, alƙalin kuwa ba mai ambatonsa. To ni, da duk girman Shehu a idona, a wannan mas'ala bayan alƙali nake. Aya ta 40 ta Suratul Hajji ta jera wuraren ibadar Yahudu da Nasara tare da masallatai cikin abin da Allah ke tsarewa daga rushewa.

A 2023 UNESCO ta sa Jerba cikin kayan tarihin duniya, Ghriba da tsofaffin masallatan tsibirin a takarda ɗaya. Yahudawan Tunisiya da suka kai kusan 100,000 a 1948 yau ba su cika 2,000 ba. Gadin wannan ɗaki dai a hannun Musulmin Tunisiya ya rage.