Rediyon Unguwa da Fasahar da Ba Ta da Mai Biya Mata

Duk wanda ya tashi daga mahaɗar Dangi ya bi Titin Gidan Zoo, ko kuwa ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ya gangara Tarauni, ba ya bukatar a gaya masa cewa yana cikin unguwannin masu fasaha. A benayen Titin Gidan Zoo ne ofisoshin 'yan fim da ɗakunan ɗaukar waƙa suka yi cincirindo, a kasuwar waya ta Farm Centre kuma ake tura wa mutane waƙoƙin a cikin wayoyinsu. Ƙaramar hukumar Tarauni kaɗai, mai mazaɓu 10, ta haura mutum 200,000 a ƙidayar 2006. Ga kuma akwatin rediyo a teburin mai shayi da shagon tela da cikin gidaje. Amma abin mamaki, idan mutum ya murɗa akwatin nan tun asuba har dare, da wuya ya ji fasahar unguwar da yake zaune ciki, sai fa wadda ta riga ta sami mai gida ko ta sami kasuwa.

Ba ƙarancin tashoshi ne ya kawo haka ba. Tun da aka kafa hukumar kula da gidajen watsa labarai ta ƙasa a 1992, aka ba 'yan kasuwa dama, sannan Rediyo Freedom ta buɗe a Sharaɗa a 2003, tashoshi suka yi ta tsirowa a Kano har mai sauraro ya rasa wadda zai kama. Sai dai tashar kasuwa da kuɗin talla take rayuwa, lokacinta kuwa sayar da shi take yi minti-minti, kamar yadda mai awo ke sayar da hatsi tiya-tiya. Wanda ya biya shi ake ji. Saboda haka mawaƙin ɗan siyasa yana da fili, mai tallar magani yana da fili, amma tsohuwar da ta haddace waƙoƙin daka da na reno a Darmanawa ba ta da wanda zai saya mata ko minti biyar. Wannan ba laifi ne da za a ɗora wa masu tashoshin ba, domin mai da albashi ba sa biyan kansu. Magana ce ta cewa akwai aikin da ciniki ba zai taɓa yi ba, dole a nemo masa wani gida.

Wannan gida shi ne rediyon al'umma, watau ƙaramar tasha wadda jama'ar wuri suka mallaka, su ne masu shirya shirye-shiryenta, ba ta neman riba, kuma muryarta ba ta wuce yankinta da nisa ba. A Nijeriya an daɗe ana jan ƙafa a kan sha'anin. Sai a 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya yi shelar amincewa da irin waɗannan tashoshi, kuma sai a 2015 aka ba da lasisi 17 na farko ga ƙasa baki ɗaya. Maƙwabciya Jamhuriyar Nijar kuwa ta buɗe ta farko a Bankilare tun 1999, yau tana da fiye da 100, da yawansu a ƙauyukan da ko wutar lantarki ba ta ishe su ba. Ke nan ba dukiya ce ta hana Kano ba.

Akwai masu ganin cewa irin wannan tasha ta ƙauye ce, birni ba ya bukatarta. Wannan kuskure ne, kuma tarihin Kano kansa ya isa shaida. A farkon shekarun 1970 ƙungiyar mawaƙa ta Hikima, ƙarƙashin Alhaji Mudi Sipikin, tana da fili a rediyon Kano inda 'yan ƙungiya ke rera rubutattun waƙoƙinsu. Yawancinsu ba malaman jami'a ba ne, talakawan gari ne masu sana'o'insu, a cikinsu har da mata irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Filin nan ya sa mutum ya zauna ya auna baitinsa, ya gyara amsa-amonsa, domin ya san gobe maƙwabcinsa zai ji shi, abokin hamayyarsa ma zai ji shi, wataƙila ya mayar masa da martani a mako mai zuwa. Daga ayyukan wannan ƙungiya Graham Furniss ya rubuta kundin digirinsa na uku a Landan a 1977. Tashar gwamnati ce ta yi wannan, amma aikin da ta yi a wannan fili aikin rediyon al'umma ne tsantsa: ta miƙa wa mai fasaha makirufo ba tare da ta tambaye shi ko nawa ya zo da shi ba.

To, a nan ne ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Sanya waƙa a rediyo daban, kula da fasaha daban. Sau nawa ake sakin faifan Mamman Shata ko na Musa Ɗanƙwairo don cike gurbi kafin labarai, a datse shi a tsakiya, ba a faɗi wa aka yi wa waƙar ba, balle yaushe, balle dalili? Yaron da aka haifa bayan rasuwar Shata a 1999 zai ji kalangu ya yi masa daɗi, amma habaicin da zambon da kirarin duk sun wuce shi. Kula da fasaha shi ne a je inda mai ita yake, a tambaye shi wurin wa ya koya, a sa ya fassara kalmar da ta tsufa, a kuma iya gaya masa a cikin ladabi inda aikinsa ya yi rauni. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi wuya, kuma shi ne tashar da aka biya ba za ta iya ba, gama ba a karɓar kuɗin mutum a kushe hajarsa.

Abin da ke jiran a ɗauka a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi ba kaɗan ba ne. Akwai kirarin mahauta da na maƙera, da waƙoƙin gaɗa waɗanda 'yan mata suka daina yi tun da dandali ya zama shaguna, da masu bege, da matan aure masu rubuta labarai a waya ba su taɓa shiga maɗaba'a ba. Akwai kuma tashe, wanda a wasu shekarun nan 'yan sanda suka hana a Kano saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Ko hanin ya dace ko bai dace ba, wannan wata muhawara ce. Amma wasan da aka hana shi titi, in bai sami mafaka a rediyo ba, yaran da za su tashi nan da shekara goma a takardar jarrabawa kawai za su gamu da shi.

Mai gardama zai ce ai waya ta gaje rediyo, kowa na iya ɗora waƙarsa a Facebook ko TikTok. Gaskiya ne, kuma samari da dama sun yi suna ta nan. Sai dai waya tana kai mutum ne ga abin da ya riga ya shahara, kuma tana cin kuɗin data. Rediyo kuwa batir biyu sun ishe shi, yana shiga gidan kulle, yana kuma jiyar da mutum abin da bai nema ba.

Kafin a kai ga tashar da mutanen Tarauni za su kira tasu, akwai abin da ke hannu. Jami'ar Bayero tana da tasharta, BUK FM, ɗaliban Hausa kuwa kowace shekara suna fita unguwanni ɗaukar hira da waƙa saboda kundin kammala digiri. Ana gama jarrabawa sai kundin ya hau kanta, muryoyin da aka ɗauka su salwanta a wayar da ta lalace ko aka sayar. Da za a wajabta wa kowane ɗalibi ya ajiye abin da ya ɗauka a sashe, da sunan mai fasahar da unguwarsa da ranar ɗauka, da izininsa, sannan ya tsamo shirin minti 15 daga ciki a watsa, da ɗalibai 40 sun cike filin mako-mako na kusan shekara guda, tsohuwar Darmanawa kuma ta ji muryarta a akwatin da ke rataye a ɗakinta.