Abin da ɓera mai tangaɗi ya koya wa likitoci

A shekarar 1962 Richard Sidman da abokan aikinsa a Amurka suka ba da bayanin wani ɓera da ya bayyana a Cibiyar Jackson ta jihar Maine. Idan ya tashi tafiya sai ya riƙa tangaɗi yana faɗuwa, har suka laƙaba masa sunan da ke nufin mai tangaɗi. Masu ganin cewa kashe kuɗi a kan irin wannan dabba almubazzaranci ne ba su bi labarin har ƙarshensa ba.

Matsalar tana cikin ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, wadda ke daidaita motsin jiki. A can akwai manyan ƙwayoyin jijiya da ake kira Purkinje, masu rassa kamar bishiya. A wannan ɓeran ba sa ƙulla mahaɗa da ƙananan ƙwayoyin da ya kamata su riƙa kawo musu saƙo, su kuwa ƙananan da suka rasa abokin haɗi sai su mutu.

Abin da ya fi ɗaukar hankali ya fito ne daga binciken Francis Crépel da Jean Mariani a Faransa. Lokacin haihuwa, kowace ƙwayar Purkinje tana karɓar jijiyoyi da dama masu nannaɗe ta kamar yaɗo a jikin itace. Cikin makonnin farko ƙwaƙwalwa takan rage su har saura guda ɗaya, kamar manomi mai rage shukar gero a rami. A ɓeraye masu tangaɗi ba a kammala wannan ragewar, saboda haka ƙwaya ɗaya takan girma tana amsa saƙo daga jijiyoyi da yawa. Ashe yawan mahaɗa ma naƙasu ne, ba ƙarancinsu kaɗai ba.

Sai a 1996 aka gano ƙwayar gadon da ta lalace, wato RORA. A 2018 aka tabbatar cewa lalacewarta a jikin ɗan Adam tana haddasa jinkirin fahimta, wani lokaci tare da rashin daidaiton motsi.

Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne, kuma har yanzu yawancin cututtukan tangaɗi na gado ba su da maganin warkewa. Sai dai iyayen da aka iya faɗa musu takamaiman abin da ke damun ɗansu sun tsira daga yawon neman magani a duhu, kuma hanyar wannan amsa ta faro ne daga kejin wani ɓera shekaru 56 kafin nan.