Wuƙa a gona take da amfani, ba a aji ba



Kakana a Kabo ba ya rabuwa da 'yar wuƙarsa ƙirar maƙera, mai kuben fata. Da ita yake yanke igiya, ya fere rake, ya ɓare rogo. Don haka ni ba na ƙin wuƙa.

Amma yanzu wasunmu suna sayo ta a kasuwar Gwarzo su ɓoye a jaka, wai ta feƙe fensir ce. Ranar da faɗa ya kaure a filin ƙwallo, ita za a fara zarowa. Da haka daba take farawa.

Mai sha'awar tara wuƙaƙe ya bar su a gida wajen babansa. Malamanmu, don Allah a riƙa duba jakunkunanmu da safe. Da-na-sani ƙeya ce.