Injin gahawar da ke jiran wuta a Gwarzo

A wasu gidajen Gwarzo da Kabo, irin waɗanda masu su ke aiki a Kano ko Abuja suna leƙowa ƙarshen mako, wani sabon baƙo ya sami mazauni a falo. Ɗan inji ne mai ƙyalli, an ɗora shi kusa da firji, an lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. A jefa masa kafso ɗaya, a danna, kafin minti ya cika ya tsiyayo gahawa mai kumfa wadda ba ta kai rabin kofin shayi ba. Maigida yakan yaye ƙyallen ya nuna wa baƙo, ya bi da cewa shi kam yanzu bakinsa ya daina karɓar "ta leda". Injin dukiyarsa ce, ba mai tuhumarsa a kai. Maganar da ta biyo baya ita ce ke buƙatar amsa, domin ta fara zama ma'aunin wayewa a tsakanin masu ilimin boko.

Ma'aunin kuwa tsani ne. A ƙasa akwai garin Nescafé da mai shayin tasha ke barbaɗawa da bakin cokali a kan madara, da 'yar ledar nan mai haɗi uku da direbobin hanyar Gwarzo ke kurɓa kafin asuba. A can ƙoli akwai kafso. Wanda ya hau sama sai ya dubi na ƙasa da tausayi. Abin da bai lura da shi ba shi ne, ƙasan tsanin da ƙolinsa duk kanwar ja ce. Kamfanin Nestlé na ƙasar Suwizalan ne ya fito da Nescafé a 1938, bayan shekarun da masaninsa Max Morgenthaler ya yi yana neman hanyar mayar da rarar gahawar Birazil gari mai narkewa, lokacin da karyewar kasuwannin duniya ta 1929 ta bar manoma da buhunan da ba mai saye. Kamfanin nan dai shi ne ya kafa Nespresso a 1986, a kan dabarar injiniyansa Eric Favre. Likitan da ya bar leda ya koma kafso bai sauya ubangida ba, ɗaki kawai ya sauya a gida ɗaya, kuma sabon ɗakin ya fi tsadar haya.

Duk ma'aikacin da ya taɓa sayen firinta ya san wannan ciniki. Injin ba shi ne hajar ba, tawadar ita ce haja. Kafso ɗaya na irin wanda aka fi sani yana ɗauke da gari kimanin giram 5, wato sai an tara wajen kafso 200 kafin a haɗa kilo guda. Mai karatu ya ɗauki kuɗin da yake biya kan kwali mai guda goma, ya ninka sau ashirin, sannan ya kwatanta da kuɗin kilon gahawa soyayya a kowane kanti na Kano. Ratar da zai gani ita ce kuɗin gwangwani da talla da dakon jirgi. Kuma da dala ake lissafinsu. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura 1,500. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Fabrairun 2025 farashin gahawar arabika a kasuwar New York ya wuce dala 4 kan kowane fam, abin da ba a taɓa gani ba. Wanda ya ɗaure karin kumallonsa a wuyan kafso ya ɗaure shi ne a farashin canji na kasuwar Wapa da damunar Birazil a lokaci guda.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi ban dariya. Irin waɗannan injuna suna jan wat 1,200 zuwa sama yayin da suke dafa ruwa. Ƙaramin janareton nan da ya cika unguwanni bai kai wat 1,000 ba, saboda haka ko dai ya shaƙe ko ya mutu. Mai sola kuma, in ba babbar na'ura ya kafa ba, sai ya zaɓa tsakanin gahawa da firji. A watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda, mai shayin tashar Kabo bai rufe teburinsa ko na yini ɗaya ba, gawayinsa da tukunyarsa ba su san an yi ba. Injin falo kuwa ya kwana ya tashi a ƙarƙashin ƙyallensa. Ga ruwan burtsatse da ke tara farin dutse a cikin bututunsa, ga rashin mai gyara: ranar da ya tsaya, daga Getso har Garo ba wanda zai buɗe shi, sai a sa shi a bayan mota a nufi birni da fatan a dace.

Masu kare kafso suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Yana da sauri, ba ya ɓata wuri, kofin yau daidai yake da na jiya, garin kuma a rufe yake ruf, iska ba ta kashe masa ƙanshi. Duk gaskiya ne, ga mutumin da ke zaune shi kaɗai a bene na tara a birnin Landan, yana da minti biyar kafin jirgin ƙasa ya wuce. Don shi aka ƙera injin, kofi ɗaya, mutum ɗaya. Gidan Bahaushe a ranar Asabar kuwa zaure ne cike da 'yan gaisuwa. A yi wa mutum goma sha biyu kafso ɗai-ɗai, kowa yana jiran layinsa kamar a asibiti, ko a ɓoye injin har su watse? Yawanci na biyun ake yi, kuma abin sha da ake ɓoye wa baƙo ya riga ya faɗi matsayinsa a gidan.

Ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro shi ba kowa ke alfahari da shi ba. John Sylvan, wanda ya ƙago kafson Keurig na Amurka, ya faɗa wa mujallar The Atlantic a 2015 cewa wani lokaci yakan yi nadamar ƙirƙirarsa saboda sharar da ya haifar. A 2016 hukumar birnin Hambog na Jamus ta hana sayen kafso da kuɗin gwamnati a ofisoshinta. Can ke nan, inda ake da motocin kwashe shara da masana'antun sake narka ƙarfe. A Gwarzo, ɗan gwangwanin da bai wuce giram ɗaya ba, cike da jiƙaƙƙen gari, ko 'yan jari-bola ba za su sunkuya masa ba. Kwata ce makomarsa, tare da ledojin ruwa.

Kada a ɗauka wannan wanke leda ne. Gahawa mai narkewa gahawa ce ta gaske da aka dafa a masana'anta aka busar, galibi daga nau'in robusta, mai ɗaci da ƙarfin hana barci kusan ninki biyu na arabika. Tana da mutuncinta, ba ta yi wa kowa ƙaryar asali ba. Mai haɗi ukun ce abin zargi. Ƙa'ida ce a jera kayan haɗi a bayan leda daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma a yawancin irin waɗannan ledoji sukari ne a gaba, sai farin garin da ke kwaikwayon madara, wanda da man kwakwa da sukarin sitaci ake yinsa, gahawar tana can baya kamar 'yar rakiya. Malamin makarantar da ke shan uku a yini yana cewa gahawa yake sha, ya kamata ya san me yake zuba wa jininsa, musamman in akwai ciwon sukari a dangi.

Abin takaicin shi ne, ana wannan gardama tsakanin kafso da leda kamar gahawa baƙuwa ce da Turawa suka kawo. Sunanta ma ya ƙaryata haka. Daga kalmar Larabci ƙahwa Hausa ta sami "gahawa", kuma kalmar nan ce ta bi ta bakin Turkawa ta shiga harsunan Turai, ta dawo mana a matsayin "kofi", har tana rikicewa da sunan mazubin da ake shanta. Sufayen Yaman ne suka fara dafa ta a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri. Alhazan ƙasar nan sun sha ta a Makka da Madina, fara-fara da ita, mai ƙanshin hel, ana bi da dabino. Hausawan Sudan suna soya ta a kasko, su daka a turmi, su dafa a jabana da citta. A Senegal, gahawar Tuba, wadda ake dangantawa da Shehu Ahmadu Bamba da mabiyansa Muridai, ta mamaye titunan Dakar, kuma sirrinta ba wani abu ba ne illa kimba. Kimbar nan dai da ke cikin kayan yajin kowace uwargida a Kabo.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar soket. Butar shayi, ruwan da ya tafasa aka sauke ya ɗan huce, cokali biyu na gari ga kowane kofi, minti huɗu, sai a tace. Mai son kauri ya nemi 'yar tukunyar da Alfonso Bialetti ya fitar a Italiya a 1933, wadda ke zama a kan risho ko gawayi, ta shekara ashirin ba abin da take nema sai sauyin roba. Wanda likita ya ja wa kunne kan kitse a jini ya tace da takarda, domin gahawar da aka tafasa ba a tace ba tana ɗauke da wani mai da ke ɗaga shi. Wata matar gida ce a birnin Dresden, Melitta Bentz, ta gano dabarar a 1908 da takardar shanye tawada ta littafin ɗanta.

Garin kuma ba sai daga Suwizalan ba. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba ana noman arabika, Cibiyar Binciken Koko ta Ƙasa ma, wadda gahawa ke cikin aikinta, tana da reshe a Kusuku. Noman ya ja baya ƙwarai, kuma cikin dalilan akwai rashin mai saye a gida. Masu albashin da za su iya zama wannan kasuwa su ne ke aika kuɗinsu waje kwali-kwali, suna kuma yi wa mai shayi dariya. Motocin da ke saukowa daga Gembu ba su daina zuwa ba. Buhu guda na ɗanyar gahawa, in ma'aikatan asibiti ɗaya ko malaman sakandare ɗaya a Gwarzo suka haɗa kuɗi suka sayo, zai kai su daga wannan hunturu zuwa na baɗi, kuma kaskon da ake soya gyaɗa ya isa ya soya ta.