Fenti ba ya ɗaukar ƙasa

Mai gona ko mai fili da ya yi niyyar sayen feloda ta hannu yakan fara da kallon fenti da agogon awoyin aiki, alhali su biyun ne dillali ya fi iya gyarawa. Agogo ana canza shi cikin rabin yini. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne gaɓar tsakiya, inda motar ke lanƙwashewa in za ta juya: a sa direba ya danna bokiti a ƙasa har tayoyin gaba su ɗaga, in gaɓar ta yi girgiɗi, aikin walda da sababbin fil na jiranka. A tayar da injin da sanyin safiya, domin injin da aka ɗumama kafin zuwanka yana ɓoye hayaƙinsa. Tayoyi huɗun nan kuwa kuɗinsu kaɗai na iya rusa cinikin. Ni dai a ganina, tsohuwar Caterpillar 950 ko Komatsu da makanikin garinku ya san cikinta ta fi sabuwar yayi daga Turai mai kwamfuta da matatar hayaƙi, wadda gurɓataccen gas ke toshewa, kayan gyaranta kuma sai an yi oda, kasuwar Ƙofar Ruwa ba lallai ta fitar da kai ba. Girma ma tarko ne. Samfurin Caterpillar 966 yakan haura tan 20 a nauyi, ga kwasar yashi da tsakuwa ba ya da na biyu, amma a gona da damina daddaƙe ƙasa yake yi. Wanda aikinsa kwashe taki ne sau biyu a shekara, haya ta fi masa.