Ilimin Kiwon Lafiya Ba Ya Tsayawa Wuri Guda: Darasi Daga Gyaɗa

A ƙauyuka da dama, malamin firamare shi ne ɗan boko mafi kusa da iyaye. Shi ake kai wa takardar asibiti ya karanta, shi kuma ake tambaya abin da ya dace a ba jariri. Don haka abin da ya haddace a kwaleji ba a aji kaɗai yake tsayawa ba, yakan kai har cikin ƙoƙon kunun yaye. Matsalar ita ce, binciken likitanci kullum sauyawa yake yi, littafi kuwa yana nan yadda aka buga shi. Labarin gyaɗa ya isa misali.

Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar wani nau'in abinci, kamar gyaɗa ko ƙwai ko madarar shanu. Garkuwar jikinsu takan ɗauki abincin a matsayin abokin gaba, sai borin jini ya feso, leɓe ya kumbura, wani lokaci har numfashi ya sarƙe. Wannan shi ne likitoci ke kira alaji. A shekarar 1998 hukumomin lafiya a Birtaniya suka ba da shawarar a hana yaran da ke da gadon wannan lalura cin gyaɗa sai sun kai shekara 3. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bi sahu a shekarar 2000. A wancan lokaci, shawarar ta yi kama da hankali, tun da an ce rigakafi ya fi magani.

Sai dai gani ya kori ji. A shekarar 2008, Farfesa Gideon Lack na King's College da ke Landan da abokan aikinsa suka kwatanta yaran Yahudawa mazauna Birtaniya da na Isra'ila. Suka tarar alajin gyaɗa a Birtaniya ya ninka na Isra'ila kusan sau 10, alhali jariran Isra'ila ne ke fara cin abinci mai gyaɗa da wuri. Daga nan suka gudanar da gwajin da aka sani da LEAP a kan jarirai 640 masu hatsarin kamuwa da lalurar, aka buga sakamakon a 2015. Da yaran suka kai shekara 5, kimanin kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana gyaɗa sun kamu, waɗanda aka riƙa ba su kuwa kashi 3 ne kawai. A 2017 Amurka ta fitar da sabuwar ƙa'ida mai ƙarfafa fara ba jarirai abinci mai gyaɗa da wuri. Ke nan, abin da aka ɗauka rigakafi ne jiya, yau an gano ba shi ba ne.

Wani zai iya cewa, in dai haka masana ke sauya magana, me zai sa a amince da su? Amsar ita ce, gyara kuskure idan hujja ta bayyana shi ne ƙarfin ilimi. Abin tsoro shi ne mai riƙe da tsohuwar magana bayan masu ita sun bar ta. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su Cochrane, wadda aka kafa a 1993, suke tattara sakamakon bincike suna sabunta shi lokaci-lokaci.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda kunun gyaɗa yake cikin abincin yaye, ƙuli-ƙuli kuma ba ya rabuwa da hannun yara. Amma dole malami ya yi hattara wajen isar da saƙon. Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan a kan shawarar shayar da nonon uwa zalla har wata 6, sannan a fara haɗawa da wani abinci. Ba a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa, domin tana iya maƙale masa a maƙogwaro. Sai an niƙa ta lukui. Jaririn da ke fama da ƙaiƙayin fata mai tsanani, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa da borin jini, sai likita ya duba shi tukuna. Yaron da ya riga ya kamu kuwa, nisantar gyaɗar ita ce kariyarsa, kuma da zarar numfashinsa ya sarƙe, asibiti za a nufa nan take.

Saboda haka, ya wajaba kwalejojin ilimi su koya wa ɗalibansu yi wa kowane bayanin lafiya tambayoyi uku: wa ya faɗa, yaushe aka faɗa, kuma da wace hujja? Malamin da ya saba duba shekarar da aka buga littafi, yake kuma tuntuɓar ma'aikatan asibitin shan magani kafin ya ba iyaye shawara, ya sauke nauyin da ke kansa. Matambayi dai ba ya ɓata.