Gargaɗi Ga Masu Fesa Maganin Ciyawa A Harabar Masallaci Da Ƙofar Rumfa

  

Ya ku malamai da fatake, ku sani duk damina ƙiri-ƙiri da aya-aya sukan ɓullo a tsagogin daɓen masallatai da makarantu da ƙofar rumfuna. Al'adar da ta shigo yanzu ita ce a aiki yaro kasuwa ya sayo maganin ciyawa irin na gona, a fesa a huta. Ni dai ina kira da a bar wannan al'ada.

Dalili na farko, daɓen nan a kansa ake ɗora goshi ranar Juma'a in sahu ya fito waje. A kansa almajirai ke zama ba takalmi, su ci tuwo da hannun da suka dafa ƙasa. Daga cikin magungunan nan akwai Paraquat, wanda kurɓi ɗaya kan kashe mutum, ba shi kuwa da makari. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana aiki da shi tun 2007. Wane mai hankali zai zuba irin wannan inda ake sujada?

Na biyu, siminti ba ya shan ruwa kamar gona. Ruwan sama na sauka sai ya kwashe gubar zuwa kwata, daga can sai kududdufin da awaki ke sha. Shari'a kuwa ta hana cutarwa, ko ga dabba.

To, ina mafita? Ciyawa ba ta tsira sai ta sami ƙasa da iri. Ƙura ke taruwa a tsaga, iska da tsuntsaye su kawo iri. Saboda haka tsintsiya ce maganin farko, a riƙa shara kullum. Abin da ya riga ya tsiro a cire shi bayan an ɗauke ruwa, sa'ad da ƙasa ke da laushi, a zaƙulo saiwa da tsohuwar wuƙa tun bai yi iri ba. Wanda ya gagara a kwara masa tafasasshen ruwa, yara na nesa. Aya-aya tana da 'ya'ya a ƙasa, sai an maimaita kafin ta mutu. Inda ba a takawa a rufe da tsohuwar tabarma, domin tsiro ba ya rayuwa in babu hasken rana. Daga nan a toshe tsagar da siminti.

Kada a zuba gishiri, yakan ci siminti ya kashe itacen inuwa. Kada kuma a cinna wuta kusa da dukiyar mutane. Ɗan cediya ko ɗurumi da ya fito a gindin bango a tuge shi da wuri, in ya girma sai ya tsaga ginin.

Wani zai ce wannan wahala ce. Gaskiya ne, amma in makwabta suka haɗu bayan sallar asuba, hantsi ba zai yi ba sun gama. Hadisi ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin sadaka. Ina roƙon limamai su faɗakar, sarakunan kasuwa su tsawatar.

Allah ya sa mu gane.